Gonar Surukan Yaya Hajiya

Abin da kawai yaron nan ya gaya mana shi ne surukinsa manomi ne, kuma ya gayyace mu gona. Yaya Hajiya ta ce alhamdulillahi, ashe ɗanta gidan mutunci ya yi aure. Ta ɗaure yaji da ƙuli-ƙuli da dabino a leda, muka bar Cape Town da hantsi muka nufi Stellenbosch, tafiyar kilomita 50 ko kusa da haka.

Garin tsoho ne, tun 1679 Turawan Holan suka kafa shi, kuma duk inda ka waiga inabi ne jere a gindin duwatsu. Watan Fabrairu ne, lokacin girbinsu, domin su ruwansu a watannin sanyi yake sauka, daga Yuni zuwa Agusta. Yaya tana ta tasbihi ta tagar mota, tana cewa ga ɗan itacen Aljanna an shuka kamar dawa. Yaron yana tuƙi yana zufa, alhali iskar mota tana aiki.

Surukin, wani jibgegen dattijo da gajeren wando, ya tarbe mu hannu bibbiyu. Yaya ta tambayi gida, ta tambayi iyali, ta tambayi damina. Yaron ya fassara. Daga nan aka gangara da mu wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa mai sanyi, cike da gangunan katako, kowace tana cin lita 225. Wani wari mai tsami ya doki hancinmu.

"Kai, me suke ajiyewa a nan?"

"Ruwan inabi ne, Umma. Ana ajiye shi ya huta."

Ni na ji Turancin da dattijon yake yi, na kuma ji Hausar da take fitowa daga bakin yaron, kuma ban taɓa ganin tafintan da ya kai shi tsoron uwarsa ba. Dattijo ya yi bayanin pinotage, irin inabin da wani farfesa na jami'ar garin, Abraham Perold, ya haɗa a 1925 daga iri biyu na Faransa. Yaron ya ce wai yana godiya da zuwanmu. Dattijo ya ce wannan gangar shekararta biyu tana nuna. Yaron ya ce wai yana gaida mutanen Kano.

Asiri ya tonu a teburin ɗanɗano. Aka jera kofunan gilashi, aka ajiye wani bokitin azurfa a tsakiya. Dattijo ya zuba, ya juya kofin, ya cusa hanci ciki, ya kurɓa, ya kurkure baki da shi, sannan ya tofar a bokiti. Haka masu sana'ar suke yi don kada su bugu kafin azahar. Yaya ta dube shi, ta dubi bokitin, ta dubi ɗanta.

"Giya ce."

"Umma, ai..."

"Rufe mini baki. Kai kuma," ta juyo kaina, "kana jin Turanci ka yi shiru?"

Na ce, "Yaya, ai kin ga shi ma tofarwa yake yi."

Ta yi jim, ta ce to, da sauran imani a tare da shi, Allah ya ƙarasa shiryar da shi.

Mutumin kirki ne, tun farko ya tanadar mana ruwan inabi zalla na hanepoot, wanda bai ga ganga ba. Yaya ba ta yarda ba. Ta ɗaga kofin sama ta duba, ta shinshina, ta sake shinshinawa, ta sa yaron ya rantse, ta sa ni na karanta jikin kwalbar da ƙarfi. Dattijo ya tsaya yana kallonta baki sake, ya ce shekara da shekaru yana karɓar baƙi bai ga mai hanci irin nata ba. Wannan karon yaron ya fassara daidai, Yaya ta gyara zaman mayafi.

Aka kawo busasshen namansu, biltong. Yaya ta ɗanɗana ta ce an yi asarar sa, ta kwance ledarta ta barbaɗa yaji. Dattijo ya ɗauki yanka guda. Fuskarsa ta yi ja, hawaye ya zubo, ya rarumi kofinsa ya shanye tas, ya manta da bokiti. Da numfashinsa ya dawo sai ya ce wannan garin shi ne abokin da pinotage ya daɗe yana nema, ko za a riƙa aiko masa? Yaya ta yi salati, ta ƙwace ledar ta cusa a jaka. Yajinta ba zai zama ɗan rakiyar giya ba. Amma ta ba shi shawara kyauta: ya shanya inabin nan ya zama zabibi, ita za ta nemo masa dillali a Kasuwar Singa kafin azumi.

Da muka koma Cape Town, la'asar a unguwar Bo-Kaap muka yi ta, a Masallacin Auwal na 1794. Muna fitowa Yaya ta ce in goge duk hotunan da na ɗauka. Na goge. Sai waya ta yi ƙara. Amaryar yaron, baiwar Allah, ta riga ta tura nata zauren dangi na WhatsApp: ga Yaya Hajiya, hanci cikin kofi, ido a lumshe, ganguna a bayanta. A ƙarƙashinsa Baffa Malam ya ajiye saƙon murya na minti goma sha ɗaya, kuma da sunana ya fara.