Yadda Fili Biyu Suka Wayi Gari Sun Zama Ɗaya

A ƙaramin garin Troy da ke jihar Wiskonsin ta Amurka, kafin ƙarshen 2017, in ka haɗa fili ɗaya da fili ɗaya, amsar ta danganta da sunan da ke kan takarda. Ga yadda lissafin yake.

A 1960 wasu ma'aurata, iyalin Murr, suka sayi fili a bakin kogin St. Croix, suka gina ɗan gidan hutu. Takardun hukuma na kiransa fili F. Da shekara ta zagayo suka mayar da shi sunan kamfaninsu na aikin famfo. A 1963 suka sayi na jikinsa, fili E, da sunan kansu, suka bar shi ba gini. Kowanne ya kai eka 1.25, wato kusan fuloti 11 irin namu na hamsin-da-ɗari. Mai irin wannan fili a wajenmu sai a fara gaishe shi da ranka ya daɗe.

Sai dai hukumar can ba faɗin fili take aunawa ba, inda zai ginu take aunawa. Wani gangare mai tsayi ya ratsa tsakiyar filayen, ga kuma gefen da ambaliya ke ci. Da aka cire wannan aka cire wancan, abin da ya rage a filayen biyu gaba ɗaya eka 0.98 ne. Dokar kare kogin ta 1976 kuwa tana son kowane fili ya cika eka ɗaya mai ginuwa.

Dokar ta yi wa tsofaffin filaye sassauci: wanda aka yanka kafin zuwanta, ko bai cika awo ba, ana iya gini a kansa. Amma a lokacin akwai sharaɗi. In ƙananan filaye biyu na maƙwabtaka suka faɗa hannu ɗaya, sun haɗe ke nan, ba a sayar da su daban, ba a gina su daban. A 1994 iyayen suka ba 'ya'yansu fili F, a 1995 suka ƙara musu da E. Ba wanda ya tuge turken iyaka, ba wanda ya zo da igiyar awo, gangaren na nan inda yake. Kyautar iyaye ce kawai ta cinye fili guda. Da sun bar F a sunan kamfani, da filayen na nan biyu.

Bayan kimanin shekara 10 'ya'yan suka so sayar da E don su sami kuɗin matsar da gidan daga inda ruwa ke cinsa. Nan aka nuna musu ƙofar neman rangwame. A irin waɗannan garuruwa akwai kwamitin da ke da ikon ɗaga wa mutum ƙafa a dokar tsara gari. Ana aika wa maƙwabta takarda, a yi zama a bainar jama'a, mai nema ya tabbatar da cewa dokar ta jefa shi cikin matsi na gaske, matsin daga yanayin filin ya fito, kuma ba shi ya jawo wa kansa ba. Rashin samun riba ba ya cikin abin da ake ƙirgawa. Kwamitin gundumar St. Croix ya saurare su, ya ce a'a.

Ni dai ina tare da masu kare kogin. Bakin ruwan da aka cika da gine-gine ba ya gyaruwa, kuma wanda ya taɓa ganin gida a kan hanyar ruwa da damina ya san haka. Abin da ke damuna shi ne doka ta rataya a kan sunan mai fili. A dokar wancan lokacin, baƙo zai iya mallakar E ya gina abinsa, ɗan gida kuma a hana shi don kawai yana da F. Shi kogi ina ruwansa da sunan da ke kan takarda?

Magana ta kai Kotun Ƙolin Amurka. Masu ƙara suka ce an ƙwace musu fili, a biya su diyya. Ranar 23 ga Yuni 2017 alƙalai 5 suka ce ba a ƙwace ba, 3 suka saɓa musu. Mai shari'a Anthony Kennedy, wanda ya rubuta hukuncin, ya ce filayen abu ɗaya ne a idon doka, kuma bisa ƙiyasin da aka gabatar darajarsu a haɗe dala 698,300 ce, a rabe kuma 771,000, ragin bai kai kashi 10 cikin ɗari ba.

Wata biyar bayan haka majalisar dokokin Wiskonsin ta gyara dokar, Gwamna Scott Walker ya sa hannu a Nuwamba 2017. Tun daga lokacin, hukumomin garuruwa da gundumomin jihar ba su da ikon tilasta haɗe filayen mutum ba da yardarsa ba, kuma 'ya'yan Murr sun sami damar sayar da E daban.