Lantana da Ragon Alhaji

Akwai wani ɗan fili a ƙofar gidana, tsakanin katanga da kwata, wanda ba ya haifar da komai sai ƙura. Uwargida ta gaji da shara, ta ce ko a zuba masa siminti ko a shuka wani abu. Da na ji kuɗin buhun siminti, sai na tarar ashe ni mai son fulawa ne tun asali.

Mai fulawa na bakin titi ya nuna mini wata mai rarrafe, rassanta sirara, furenta curi-curi, launin shunayya da ɗan fari a tsakiya. Ya ce, "Yallaɓai, lantana ke nan. Ka dasa ta inda rana ke duka, ka ba ta ruwa har ta kama ƙasa, daga nan ka manta da ita." Ni ɗan manomi, jikan manomi, a ce in manta da shuka? Na ce a raina lalacin yaran zamani ne, na biya shi na kwashi kayana.

Gata kam ta gani. Na sa aka kawo taki daga ƙauye, na ƙara da na zamani. Ruwa safe da yamma, har mai ga-ruwa ya fara gaishe ni da durƙuso. Da zafin bazara ya tsananta, tausayi ya kama ni, na kafa mata rumfa da buhuna. Sakayyar da ta yi mini ganye ne kawai, shi ma wani ya fara yin rawaya, fure ko na rantsuwa babu.

Wani abokina malamin gona ya zo ya gani, ya yi dariya har da riƙe ciki. Shi ya gaya mini baƙuwa ce daga Kudancin Amurka, wajen Urugwai da Ajantina da kudancin Barazil, masana na kiranta Lantana montevidensis. Tana son rana ta buge ta aƙalla awa 6 a yini, tana son ƙasa mai rairayi da ba ta riƙe ruwa. Taki in ya yi yawa sai ta zuba ganye ta fasa fure, ruwa in ya kwanta sai saiwa ta ruɓe. Na ce masa na ji, amma ai littafi daban, gona daban.

Ana nan tafiya ta kama ni. A bayana iska ta yaye rumfar, mai ga-ruwa kuma da bai ga mai biya ba ya sauya layi. Na dawo da shirin yi mata ta'aziyya, sai na tarar ƙofar gida ta zama shimfiɗar shunayya, malam-buɗe-littafi sai shawagi suke. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, da ma tafiyarka take jira."

Daga nan fa ta samu gari. Tsayinta bai kai rabin mita ba, amma kowane reshe sai ya miƙe fiye da mita guda, kuma duk inda gaɓarsa ta taɓa ƙasa sai ya yi saiwa ya kafa sabon gida. Ta haura kwata, ta doshi ƙofar maƙwabcina Alhaji. Na ɗauko almakashi na yi mata aski da hannu tsirara. Ganyen kaushi gare shi, ga wari mai hawa kai, na kwana ina susa. Rassan kuwa na tara su a gindin katanga, wai sai gobe.

Kafin goben, ragon layyar Alhaji, wanda ake kiwo da dusa da harawa tun bara, ya tsinke igiya ya same su.

Likitan dabbobi bai yi dariya ba. Ya ce lantana guba ce ga shanu da tumaki da awaki: tana taɓa hanta, ta sa shawara, fatar dabba ta kasa jure rana har ta riƙa saɓulewa. Dabbar da ta saba kiwo takan kauce mata, ɗan gata na turke ne ke afka mata. Ya ƙara da cewa a jihar Kwinslan ta Ostareliya irin wannan mai rarrafen ta mamaye makiyaya, har hukuma ta sa ta cikin miyagun ciyayi. Alhaji ya dube ni ya ce, "Wato, Malam, abin da wata ƙasa ke yaƙi da shi kai ka sa kuɗi ka sayo?"

Aka ɗura wa rago maganin gawayi, likita ya ce a ajiye shi a inuwa. Inuwa mafi kyau a layinmu kuwa garejina ce. Mota ta koma kwana a waje, rago na ciki yana cin dusa a aljihuna, Alhaji na zuwa dubiya safe da yamma, ana kawo masa shayi. Allah ya taimake ni ragon bai ci rassan da yawa ba, ya miƙe garau. Da Sallah aka aiko mana da tsokar cinya, uwargida ta ce ban da hanta, an gode.

Yanzu lantana na bayan waya, ba ta shan ruwa sai ƙasa ta bushe, abin da na aske kuma a take nake ƙone shi. Mai son reshe ya zo, kyauta ne, amma ya fara gaya mini ko maƙwabcinsa na da rago.