Zuwa ga Bawana Bakatsine, Mai Shirin Shiga Jirgi da Katifa

Bayan gaisuwa irin ta ubangida da bawansa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da sauran bayina na birnin Dikko. Saƙon muryarka ya iso ni a Argungu ranar Laraba da daddare. Na saurare shi sau uku, sannan na kai shi majalisarmu na kunna, don kada alhakin cin dariyar nan ni kaɗai ya kama ni. Ka ce tun da kasuwar atamfa ta ƙi, za ka sauka Yawuri cikin watan Janairu, ka shiga jirgi, ka bi tungayen masunta kwana uku kana sarin bandar kifi. Madalla, neman halal ba abin kunya ba ne. Ƙarshen saƙon ne ya kayar da mutane daga kan benci, inda ka ce ka riga ka sayi sabuwar katifar soso mai inci 6, da bargon auduga mai zanen damisa, da matashin kai guda biyu, kana tambaya ko akwai abin da ya rage. Akwai, Bakatsine. Saura gado da labule da madubi, sai mu nemo 'yan kai amarya.

Ban ga laifinka ba. Ruwa mafi girma da idonka ya taɓa gani shi ne dam ɗin Ajiwa, shi ma daga cikin mota, gilashi a rufe. Mu kuwa a ruwa aka yanke mana cibiya. Tun 1934 duniya ke taruwa a bakin Matan Fada tana kallon yadda muke kokawa da giwan ruwa da koma da gora, har UNESCO ta sa bikin cikin kayan gadon 'yan Adam a 2016. Inda za ka kuma ya fi Matan Fada nesa ba kusa ba. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, Neja ta kumbura daga can har Yawuri ta zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, akwai wuraren da in ka tsaya a wannan gaɓa ba ka hango waccan. Ga shi lokacin da ka zaɓa lokacin baƙin ruwa ne, wato ruwan da ya sauka a duwatsun Gini tun da damina, ya yi ta jan ƙafa a fadamun Mali, sai tsakiyar hunturu yake iso mu. Kogi a cike, yashin da ake sauka a kwana duk ya nutse, iska tana kaɗawa. Mai yiwuwa ne dare biyu cikin ukun nan a cikin jirgin za ka yi su.

To buɗe kunnenka. Kai a tunaninka ruwa daga sama kawai yake zuwa, shi ya sa ka ce ai rani ne, ba hadari. A cikin jirgi ƙofa huɗu gare shi. Yana tsattsafowa ta ƙasa, ta tsakanin katakai, domin ba a taɓa sassaƙa jirgin katako da ba ya yoyo ba, kuma aikin yaron nan da za ka gani a tsugune da yankakkiyar jarka ke nan, kwarfa tun safe har dare. Wannan ruwan na ƙasa shi ne mugu, don ya haɗu da fetur da baƙin mai da ƙarnin kifi, abin da ya taɓa kuwa ya taɓu ke nan har abada. Yana zuwa ta gefe, in iska ta tayar da igiya goshin jirgi ya sare ta, ta watso wa na ciki. Yana saukowa ta sama ko ba girgije, domin da asuba laima ke kwanciya a kan duk abin da ya kwana a fili bisa ruwa. Ƙofa ta huɗu kai ne da kanka, guminka da numfashinka. Duk shimfiɗar da za ka ɗauka, waɗannan huɗun za ta fuskanta.

Mu auna amaryarka da su. Ka san dalilin da ya sa ake ce mata katifar soso? Cikinta ƙananan ramuka ne masu buɗe wa juna, iska na shiga tana fita, shi ya sa take da laushi. Inda iska ta bi kuwa, ruwa ma zai bi. Na ɗauki alƙalami na yi maka lissafi, tun da na san ku da lissafi sai na kuɗin atamfa. Katifa mai faɗin ƙafa 3, tsawon ƙafa 6, kaurin inci 6, cikinta ya kai wajen lita 255. Ko kashi ɗaya cikin huɗu ta sha, wajen lita 64 ke nan, wato kilo 64, ta fi buhun siminti nauyi. Ba ta matsuwa, ba ta bushewa a yini ɗaya ko biyu, samanta ya bushe cikinta na jiƙe, kafin ka dawo Yawuri ta fara wari. Mai jirgi zai caje ka kuɗin mutum biyu, kuma da gaskiyarsa. Ka ga ka tafi sarin kifi ka dawo da gawar katifa.

Bargon damisarka ma ɗan'uwanta ne. Auduga, ko bargon kanti ce ko gwado ko luru, shan ruwa take yi ta riƙe, ta manne a jiki. Ruwa kuwa yana janye ɗumin jiki kusan sau 25 fiye da iska. Mutumin da ya lulluɓa da jiƙaƙƙen gwado a daren hunturu bisa kogi, gara wanda ya kwana da rigarsa kawai in busasshiya ce. Kakanninmu da suka yi fatauci a kogin nan sun san haka, shi ya sa suke daraja sakala, bargon gashin tumaki da ake saƙawa a ƙasar Mali. Gashin tumaki yana iya shan laima mai yawa bai daina ɗumama mutum ba. In ba ka samu ba, je wurin 'yan gwanjo ka nemi bargon nan mara nauyi na zaren roba, wanda in an wanke shi aka yarfe, kafin a gama cin tuwo ya sha iska. Na ji kuma ɗanka ɗan boko yana zuga ka ka sayi jakar barci irin ta Turawa masu hawan dutse. In za ka saya, tambayi abin da aka cusa a ciki. Mai gashin agwagwa ta fi kowace ɗumi a busasshen wuri, amma da ta jiƙe sai gashin ya dunƙule, ta koma tsumma. Mai cushen zaren roba ita ce ta ruwa.

Abin da za ka shimfiɗa a ƙasa kuwa, kana da shi a gida, kana taka shi kullum kana raina shi. Tabarma. Ta kaba tana da daɗin kwanciya, sai dai in ta daɗe a jiƙe takan yi fumfuna. Ta roba ba ta shan ko ɗigo, a kakkaɓe ta a shanya minti kaɗan ta koma yadda take. Aibinta ɗaya, ba ta tare sanyin katako. Don haka sai ka ɗora mata siririyar shimfiɗar nan ta roba mai kumfa, wadda kaurinta bai wuce yatsa ba, irin robar da ake yin silifas da ita. Ita ramukanta a rufe suke, kowane da iskarsa a kulle, ruwa ba shi da hanyar shiga. Gwajin ba wuya: jefa silifas ɗinka a bokiti, jefa soson wanke-wanke, ka dawo bayan sallar la'asar ka ga wanda ke sama. Katifar da ake hurawa da iska ma ba ta shan ruwa, amma jirgin masunta cike yake da ƙugiya da kan ƙusa da ƙayar kurungu. Huda ɗaya ta isa, ka kwanta kana Alhaji, ka farka kana kan katako. Matashin kai kuma, in dole sai da shi, nemi na audugar rimi, wadda ruwa ba ya kama ta da wuri, har Turawa sun daɗe suna cusa ta a rigunan ceto kafin roba ta zo. Guda ɗaya, Bakatsine. Kai ɗaya gare ka, shi ma ba a cika amfani da shi ba.

Saura naɗi, kuma a nan ne ake gane ɗan ruwa. Shimfiɗa tabarma, ɗora robar, ninke bargo da gidan sauro a kai, ka naɗe su tam. Zura naɗin a babbar leda mai kauri, ka matse iskar ciki, ka murɗe bakin, ka tanƙwaro shi, ka ɗaure da robar tayar keke. Sannan ka sa ledar a buhun taki, domin buhu ya tare ƙusa, leda ta tare ruwa, kowa da aikinsa. Akwai jakar roba ta musamman da ake sayarwa, wadda ake naɗe bakinta sau uku a maƙale, in aljihunka ya kai ka saya, hikimar dai ɗaya ce. Ka haɗa da tampol ɗan madaidaici da igiya. Kuma ka gwada tun a gida, ka tsoma ƙullin cikin baho ka danna, in ka ga kumfa na tasowa to akwai ƙofa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada kuma wayonku na Katsinawa ya sa ka ce bari ka shige cikin ledar ka kwana. Wannan wautar na riga ka yin ta, kuma don kai bawana ne zan faɗa maka, in ka kai ta gaba in ƙaryata. Ina saurayi na bi wani kawuna su, dare ya yi, sanyi ya sauko, na naɗe jikina da leda tun daga wuya har ƙafa ina yi wa sauran dariya. Da asuba na tashi sharkaf kamar an tsamo ni, haƙora na kaɗawa, alhali ko ɗigon kogi bai taɓa ni ba. Gumina ne ya rasa hanyar fita ya dawo mini. Kawu bai ce komai ba, sai ya miƙo mini sakalarsa ya ci gaba da jan taru. Tampol sama ake ɗaura shi kamar rumfa, a bar tazara iska na ratsawa. In rana ta fito kuma a warware shimfiɗa ta sha iska kafin a mayar da ita leda, don laimar da aka kulle da ita tana nan tana jiran ka da daddare.

In ka shiga jirgi, kada ka ajiye ƙullinka a ƙasa, kada ka kai shi goshi inda igiya ke watsowa, kada ka kai shi baya kusa da inji da jarkokin mai. Tsakiya, bisa katakon zama ko bisa kayan da ba sa yoyo, a ɗaure. In an sauka a tunga, kwanta inda mutanen wurin suka nuna maka. Fili mai kyau da ka gani a bakin ruwa, an tattake shi sumul ba kowa, kada ka ce ka yi tsintuwa, wataƙila hanyar dorina ce, da dare take fitowa kiwo, kuma ba ta san Alhaji ba. Ka gaishe da mutane, ka ci abin da aka ba ka, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Abin da matuƙi ya ce kuma shi ne doka. Mungo Park, Baturen Sikotilan, ya biyo kogin nan tun daga ƙasar Mali, a Yawuri ya rabu da jagoransa, bai wuce Bussa ba ruwa ya ci shi a 1806. Tsohuwar Bussar ma yanzu tana ƙarƙashin tafkin da za ka ratsa.

A nan zan ajiye wasa kaɗan. A watan Mayu na 2021 wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse a kusa da Wara, cikin ƙaramar hukumar Ngaski, kaɗan ne suka fita da rai. Allah ya jiƙansu. A tafkin nan akwai kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, suna nan a tsaye ba a ganin su. Don haka kafin tabarma, kafin bargo, sayi rigar ceto, ka sa ta a jiki ka ɗaure tun kafin a tayar da inji. Jirgin da ka ga an yi masa lodi har ruwa na lasar bakinsa, bar shi ya tafi, wani na zuwa. Tafiyar dare ko cikin hazo mai kauri, ko kyauta ce ka ce ka gode. An ce iya ruwa fidda kai, kai kuwa ko a baho ba ka iya ba. Ina zolayarka ne don ina son ka dawo in ci gaba.

Batun katifa kuma kada ya dame ka, na samo mata mafita. Ka san akwai tsohon bashi tsakaninmu, tun da masu tarihi suka ce a ƙasarku aka harbi sarkinmu Kanta da kibiya yana dawowa daga yaƙin Barno. Ga kuɗin sharar bara da na bana, ko sisi ban gani ba. Ɗora katifar a motar Argungu tare da bargon damisa da matashi ɗaya, in rage maka wani abu daga ciki. Ni kuma zan aiko maka da tabarmar roba da buhun taki, ladan biyayya. In ka dawo da bandarka lafiya, kwali na farko na ubangida ne.