Masu Shirin Digirin Katun

Tun ranar da ƙanena ya gama bautar ƙasa ya ce shi digiri na biyu zai yi a zane mai motsi, wato katun, zauren gidanmu a Hausari ya koma majalisa. Da la'asar samari ke taruwa, kowa da waya a hannu, ana jiran rana ta yi sanyi, abin da ba ɗabi'arta ba ne a Maiduguri. Ni nawa shayi da kallo.

Mai Jiran Laftof shi ke fara zuwa. Ya rantse ba zai ja layi ko ɗaya ba sai ya mallaki na'urar da ta dace. Ya haddace sunayen kwamfutoci kamar karatun allo, ya san wadda ke ɗaukar manhajar Blender ba ta yi zafi ba, ya san farashin dala na safe da na yamma. Ita Blender kyauta ce, ko sisi ba a biya. Da dangi suka yi masa karo-karo ya sayo laftof ta hannu, sai ya koma jiran wuta. A nan kam ban ga laifinsa sosai ba. Duk wanda ya sha duhun da ya biyo bayan fasa turakun layin wutar Damaturu a Janairun 2021 ya san cewa alƙawarin NEPA ba abin ɗaura aure da shi ba ne. Yanzu sola yake jira.

Sai Mai Rigar Sanyi. A tsakiyar Afrilu, zafi ya haura 40, ƙadangare ma na neman inuwa, ya shiga Kasuwar Monday ya sayo jibgegiyar riga a gwanjo, wai saboda sanyin Bournemouth ta Ingila. Ba a ba shi gurbi ba. Fom ɗin ma bai cike ba. Da ya ji tallafin Chevening na neman shekara 2 ta aiki, sai ya fara lissafa zaman da yake yi a shagon babansa yana korar ƙuda. In ya ambaci makarantar Gobelins ta Faris, ta hanci yake fito da sunan, har sai ka miƙa masa hankici.

Akwai wanda wata bakwai ke nan yana bin takardar sakamakonsa a tsohuwar makarantarsa. Kullum "ka dawo Litinin." Masu Keke Napep sun daina tambayarsa inda za shi.

Amma duk cikinsu babu kamar Kawu, wanda ba karatun zai yi ba, hana shi ya zo yi.

"Kai yanzu duk kuɗin da ubanka ya zuba, 'yar tsana za ka je ka karanto? Tom da Jerry?"

Ƙanena ya gyara zama ya kawo masa labarin Iwájú, wanda kamfanin Kugali ya yi da Disney a 2024, labarin Legas ta nan gaba. Ya kawo Bino and Fino na Adamu Waziri a Abuja. Kawu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To, kyanwar ta kama ɓeran ko har yanzu?" Abin da ya ɗan sassauta shi, da na ce masa wani mutumin Nijar, Moustapha Alassane, wanda ya zauna a Tawa, tun 1966 ya zana kwaɗi suna ziyarar shugaban ƙasa da faretin girmamawa. Kawu ya yi fatauci a Nijar, yana ganin mutuncin mutanen can. Ya ce in kwaɗin shugabanni ake nufi, to akwai magana.

Malam Mai Fatawa ba a tambayarsa, shi ke kawo kansa. Hukuncin zanen abu mai rai zai warware maka tiryan-tiryan, alhali yaransa na can gida suna kallon katun ɗin Bilal a wayarsa. Gefensa kuma wani ne da ke cewa kowa ya huta, AI ta gama komai.

'Yar maƙwabtanmu ba ta zuwa zaure. Ita ma fom ɗin take cikewa, kuma makarantun nan aikin hannunka suke son gani kafin takardunka. Littafin rubutu take zana wa da biro, ta jingina waya da gwangwanin madara tana ɗaukar shafi ɗaya-ɗaya. Daƙiƙa guda zane 12 take ci, minti guda 720. Littafinta na farko ambaliyar Alau ta Satumban 2024 ta jiƙe shi a gidan gwaggonta da ke Gwange, ta sake daga fari.

Ran nan ta aiko ƙanenta da wayar. Daƙiƙa tara ce kacal: akuya ta saci jiki, ta waiga hagu, ta waiga dama, ta tsoma baki a tiren ƙosai. Zaure ya yi tsit.

Mai Jiran Laftof ya ce, "Da wace manhaja ta yi?"

Yaron ya ce, "Biro."

Kawu ya karɓi wayar ya kai ta kusa da hanci, ya ce a maimaita. Aka maimaita sau uku.

"Na san tafiyar nan," in ji shi. "Wannan ita ce ta cinye min zogale bara. Je ka ce wa yayarka ta faɗi mai ita."