Kardan ɗin da na saya sau biyu

Hilux ɗina ƴar Kwatano ce, ƙirar 2008, kuma tun da ta zo hannuna aikinta ɗaya: ta kai hatsi Sakabal daga Dakoro, ta komo da awaki. Duk wanda ya san yashin kwarin Tarka ya san ba a shigarsa sai da kat-kat. A can ƙaya ta farke robar da ke rufe gaɓar kardan, wadda makanikai ke ce wa sufle. Giris ya tsiyaye, rairayi ya shiga ya zauna, ni kuwa ina ta sauraren rediyo abina.

Sai mota ta fara magana. Da na karya kwana sai in ji ƙas-ƙas-ƙas, kamar yaro na tauna busasshiyar aya.

Tsohon makaniken da ke bayan tasha ya ce, "Alhaji, kawo ta mu ɗaga, mu ga wace ƙafa ce. Jika biyar kuɗin aiki." Jika biyar! Ina da waya, ina da YouTube, na kuma ga wani Bature ya gama aikin nan cikin minti goma sha biyu, ko gumi bai yi ba. Kunnena ya ce ƙarar daga dama take. Na aika Maradi, aka sako mini sabon kardan a mota, ya biyo ta Tibiri da Kornaka ya iso. Jika arba'in.

Da hantsi muka ɗaga ta a ƙofar gida, ni da ɗan ƙanwata. Babban notin da ke tsakiyar ƙafa, na Baturen da hura inji ya fita. Nawa kuwa ya rantse tun daga masana'anta ba wanda ya taɓa shi, kuma ba a kaina zai karya rantsuwa ba. Muka zura wa sifana dogon bututun ƙarfe, yaro ya rataya, shiru. Na hau da kaina ina tsalle. Ya saki ba sallama, na tsinci kaina zaune a kwamin shan ruwan awaki. Maƙwabta, waɗanda tuni suka ɗora shayi suna ba da shawara, suka haɗa baki: "Sannu Alhaji!"

Da na fizgo kardan daga mazauninsa, baƙin mai ya biyo shi har cikin hannun rigata. Wannan wurin Baturen ya yanke shi daga bidiyonsa, Allah ya isa. Sai magariba muka gama. Na miƙa wa yaro tsohon ƙarfen, na ce ya kawar mini da shi daga gani.

Na tayar, na yi kwanar farko. Ƙas-ƙas-ƙas.

Washegari na kai motar wurin tsohon makaniken, ya kwanta ƙarƙashinta, ya zura yatsa cikin suflen hagu, ya fito da rairayin da ya isa shuka gyaɗa.

"Alhaji, ciwo na hagu, ka kafa wa dama ƙaho. Ina wanda ka cire? Ai lafiyarsa lau, kuma a irin wannan mota hagu da dama duk ɗaya ne."

Na dubi yaro. Yaro ya dubi sama.

"Kawu, mai gwangwan ya ba ni dala ɗari."

Muka iske mai gwangwan ya wanke shi da kananzir, ya rataye yana walƙiya.

"Na Beljik ne, jiya aka sauke shi. Jika ashirin."

"Bawan Allah, nawa ne fa! Jiya na cire shi da hannuna."

"Madalla, Alhaji. Ka ga ba sai na yi maka rantsuwa kan ingancinsa ba."

Na biya sha takwas. Tsoho ya karɓi bakwai: biyar na aiki, biyu na ɗaure notin dama da na bari yana rawa.