Masu Auna Halin Jaruman Takarda

Tun daga 1938, lokacin da Jerry Siegel da Joe Shuster suka fito da Superman a mujallar Action Comics, Amurka ta cika da jaruman labaran zane, wato mutanen ƙirƙira masu ƙarfin da ya zarce na ɗan Adam, waɗanda ake ba da labarinsu cikin jerin hotuna. Ba da jimawa ba Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers suka tsara wani ma'aunin ɗabi'a bisa littafin da Carl Jung ya wallafa a 1921, ma'aunin da yake duba mutum ta fuska huɗu: ko mai son cuɗanya ne ko mai son kaɗaici, ko da abin da ido ya gani yake aiki ko da hasashe, ko da ƙwaƙwalwa yake yanke hukunci ko da zuciya, ko kuma mai tsara lamuransa ne ko mai barin su yadda ta kaya. Amsoshin suna jefa kowa cikin ɗaya daga gidaje 16, kowane gida da haruffansa huɗu. Haɗuwar abubuwan nan biyu ta haifar da wata sana'a marar albashi, ta auna jarumin da bai taɓa numfashi ba da tambayoyin da ba shi ya amsa ba, kuma masu yinta iri-iri ne.

Mafi yawa a cikinsu shi ne mai madubi. Wannan ya riga ya auna kansa, aka shaida masa cewa gidansa INTJ ne, gidan masu shiru da dogon shiri, sai kuma bincikensa ya gano, cikin ikon Allah, cewa Batman ma ɗan gidan ne. Hujjarsa ita ce dukansu biyu ba sa son taro kuma ba sa barcin dare, sai dai ba ya ambaton cewa Bruce Wayne, wato Batman, magajin dukiya ne da ke kwana yana farautar ɓarayin birnin Gotham, alhali shi waya ce take hana shi runtsawa. Abin lura game da mutanen wannan rukuni shi ne babu mai ganin kansa a jikin Alfred, dattijon hadimin da yake dafa abinci yana ɗinke wa maigidan raunuka, duk da cewa a gidan kaf shi ne mai cikakken hankali.

Abokin gabarsa shi ne mahaddaci, wanda ba a faɗin wata siffa ta jarumi a gabansa ba tare da ya tambayi shekarar da ake nufi ba. Shi ne zai tunatar da jama'a cewa Batman na 1939, wanda Bob Kane da Bill Finger suka ƙirƙiro, yakan riƙe bindiga har ya kashe, cewa na talabijin ɗin 1966 da Adam West ya fito a matsayinsa mai fara'a ne har rawa yake takawa, kuma cewa wanda Frank Miller ya zana a 1986 tsoho ne mai ɗacin rai. A nan gaskiya tana tare da shi, domin jarumi irin wannan dukiyar kamfani ne, ya bi ta hannun marubuta masu ɗimbin yawa cikin fiye da shekara 80, halinsa kuma yana sauyawa ne gwargwadon abin da kasuwa take saye. Matsalar mahaddaci ita ce bai taɓa bin hujjarsa zuwa ƙarshenta ba, domin maimakon ya ajiye ma'aunin, sai ya ba kowane zamani haruffansa, har mutum ɗaya ya mamaye rabin gidajen. Ba kasafai ake gayyatarsa hira sau biyu ba.

Akwai kuma mai raba mutum biyu, wanda abin rufe fuska ya hana shi sakat. A wurinsa dole a auna Clark Kent, ɗan jaridar nan mai tabarau da sanyin jiki, dabam da Superman, a kuma auna Peter Parker mai kunya dabam da Spider-Man, wanda bakinsa ba ya rufuwa ko a tsakiyar faɗa. Tsarinsa yana tafiya lafiya har ya iso kan Hulk na 1962, inda masanin kimiyya Bruce Banner yake rikiɗa ya zama ƙato mai rushe gini idan ransa ya ɓaci, kuma har yau ba a sami wanda zai miƙa wa ƙaton takardar tambayoyi ba.

Likitan nesa ya fi sauran asali, domin kakansa a wannan hanya shi ne Fredric Wertham, likitan ƙwaƙwalwan da littafinsa na 1954 ya zargi mujallun da lalata tarbiyyar yara, har majalisar dattawan Amurka ta zauna a kan batun, kamfanonin kuma suka kafa wa kansu hukumar tacewa. Jikokinsa sun fi shi sauƙin kai, amma sun gaji ɗabi'arsa ta gano cuta a jikin wanda bai zo asibiti ba. Komai a wurinsu maraici ne ya jawo shi, tun da duniyar Krypton ta tarwatse da iyayen Superman, an harbe na Batman a gabansa, Spider-Man kuma ya rasa kawun da ya rene shi. Dalili mafi kusa bai taɓa zo musu ba, wato jarumin da iyayensa suke raye sai ya riƙa bayanin inda ya kwana.

Mai horar da ma'aikata ba ya buƙatar dogon bayani: a duk taron bitar da ya shirya, shugaban da ya biya kuɗin zauren shi ne yake fitowa da halin jarumi Captain America.

Mai ƙaryatawa kuwa da karatunsa yake zuwa. Yakan kawo gwajin Bertram Forer na 1948, wanda ya raba wa ɗalibansa bayani iri ɗaya da ya tsinto daga littafin taurari, akasarinsu suka ce ya dace da halinsu, yakan kuma ƙara da cewa mutane da yawa sukan sauya gida idan aka sake auna su bayan 'yan makonni. A ganinsa ma'aunin bai fi hisabin mai duba ba, wanda yake lissafa sunan mutum da na mahaifiyarsa ya ce masa shi na wuta ne ko na ruwa. Duk wannan yana nan daram har ranar da wani ya ce masa halinsa ɗaya da Tony Stark, attajirin mai basirar ƙere-ƙere, inda yakan sassauta murya ya nemi ƙarin bayani.

Jaruma ɗaya ce ya kamata a ce ta hutar da kowa, wato Wonder Woman ta 1941, domin mahaliccinta William Moulton Marston masanin halayyar ɗan Adam ne, wanda a 1928 ya wallafa nasa tsarin da ya kasa ɗabi'u gida huɗu, ya kuma yi aiki a kan gano maƙaryaci ta hanyar auna hawan jini, kafin ya ɗaura wa jarumarsa igiyar da take tilasta wa wanda ta kama faɗin gaskiya. Ita dai da gangan aka gina ta a kan nazari, amma masu sana'ar sukan tsallake ma'aunin mai ita su auna ta da na Briggs, sannan su yi ta jayayya a kan sakamakon. Marston ya rasu a 1947, a 1968 kuma marubutan da suka gaje shi suka tuɓe mata ƙarfinta suka buɗe mata kantin sayar da tufafi.