Sabon Rai da Sabuwar Riga

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tsaye a ƙofar wata majami'a a ƙasar Zazzau, ina nuna wa masu zuwa sujada wurin zama, ina kuma zagawa da kwandon baiko; kuma duk wanda ya daɗe a bakin ƙofar ɗakin ibada lalle zai fahimci cewa abin da malamai suke kira riya, wato bauta don idon mutane, ba ta da ƙabila, ba ta da ɗarika, ba ta kuma fashin ranar Lahadi. Tun 1932, sa'ad da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, bayan wahalar da Likita Mila, wanda ya zauna a Zariya, da abokan aikinsa suka sha, babu mai uzurin cewa bai ji gargaɗin da aka yi wa Farisiyawa da harshen da yake fahimta ba. Amma jin magana daban, shigarta zuciya daban. Ga kaɗan daga cikin waɗanda na gani.

Na farko shi ne mai makara da gangan. Gidansa yana jikin katangar coci, yana jin ƙararrawa tun daga gadonsa, amma ba ya shigowa sai mawaƙa sun yi shiru, kowa ya natsu, sa'an nan ya tako a hankali cikin babbar riga mai aska takwas, takalminsa na ƙara, har ya kai kujerar gaba. Littafin da ke hammatarsa ya fi na fasto girma, amma ranar da ya manta shi a kan benci na buɗe don in ga sunan mai shi, sai na tarar shafukan Ayuba har yanzu a manne suke, kamar yadda suka fito daga maɗaba'a.

Na biyu shi ne mai doguwar addu'a, wanda in aka roƙe shi ya sa albarka a kan abinci, sai tuwo ya yi sanyi, miya ta daskare, yara su yi barci da cokali a hannu. Yakan fara daga Adamu, ya bi ta kan Nuhu da Ibrahim, ya ba Ubangiji labarin farashin taki kamar wanda bai sani ba, daga bisani ya karkata ga ainihin maƙasudinsa, ya ce: "Ya Uba, ka shiryi waɗansu da suke cikinmu, waɗanda awakinsu suke cin gonar mutane." Jama'a duka sun san akuyar, sun san mai ita, shi kuwa mai akuyar dole ya ce amin.

Na uku shi ne gwanin baiko. Ranar bikin godiya yakan taso yana rawa, ya ɗaga sabuwar takardar kuɗi sama da hularsa domin na baya ma su shaida, kuma da magatakarda ya buɗe littafin alkawari sai ya ɗaga murya ya yi alkawarin buhun masara biyar. Ni da nake riƙe da kwando na san sirrin, domin takardar da ta hau sama ba ita ce take sauka ba. Buhunan kuwa, damina uku ke nan ana jiransu.

A wajen iyayenmu mata akwai wadda ba ta fashin taron Zumuntar Mata, ankonta a goge, ɗaurin ɗankwalinta kamar tutar sarki, in ta kama tulu tana bugawa sai ka ce mala'iku sun sauko. Ita ba ta taɓa yin gulma ba a rayuwarta, Allah ya kiyaye, abin da take yi kawai shi ne ta ja ki gefe ta ce: "'Yar'uwa, mu sa wance a addu'a, kin san abin da ya faru a gidanta?" Kafin la'asar rabin unguwa sun shiga wannan addu'a, kowa da ƙarin bayaninsa.

Kada a manta da mai raba wa'azi, ɗan kasuwar da yake sauraro da kunne biyu, ba don kansa ba, sai don ya ga wanda hular ta yi wa daidai. In an fito ya ce: "Kai, yau fasto ya taɓa wane!" alhali wa'azin a kan ma'auni na gaskiya aka yi shi, mudunsa kuwa an bubbuga gindinsa ya shiga ciki har ya kusa zama faranti. Kusa da shi akwai mai barcin taƙawa, wanda yake sunkuyar da kai kamar mai zurfin tunani, ya farka firgigit da amin mai ƙarfi. Ya taɓa yin haka daidai lokacin da ake sanarwar cewa an sace keken mai bishara.

A can benci na ƙarshe kuwa akwai wata tsohuwa mai tuyar ƙosai, wadda ba ta iya karatu ba, zanenta ya koɗe, muryarta ba ta shiga waƙa. Dattawa sun ce a ƙuruciyarta babu mai bakin da ya kai nata zafi, har zamanin da masu wa'azin Sabon Rai Don Kowa suka bi ƙauyuka. Tun daga nan ba a sake jin ashar daga gare ta ba. Maƙwabciyarta da ta yi shekaru tana yi mata habaici ta kwanta jinya, sai ga tsohuwar nan kowace safiya da ƙwaryar kunu, ta share ɗaki, ta wanke tsummoki, wata huɗu cur, ba ta kuma taɓa tashi a lokacin shaida ta faɗa ba. A bakin majinyaciyar na ji, bayan ta warke.

Saura mutum ɗaya, wanda na fi kowa saninsa, shi ne mai tsayawa a ƙofa yana ƙidaya laifin masu shiga. Ranar da aka karanta misalin Bafarisiye da mai karɓar haraji a Luka sura 18, ina tsakiyar gode wa Allah da bai yi ni kamar mai babbar rigar nan ba, sai maganar ta same ni kamar marin da ba a shirya masa ba, na lissafa na ga shekara goma sha ɗaya ban saurari wa'azi ɗaya har ƙarshe ba. Na roƙi dattawan ikilisiya su ba wani kwandon, na koma benci na ƙarshe, tsohuwar ta janye zanenta ta ba ni wuri. Ban ɓoye muku ba, a Lahadin farko barci ya sace ni, na farka da amin, ita kuwa ta yi kamar ba ta ji ba.